Abin da aka faɗa kan kare ɗaliban LGBT a jami'o'in Afirka ta Kudu

Jama'a, tattaunawar da aka yi kan yadda za a kare ɗaliban LGBT (masu sha'awar jinsi ɗaya ko jinsi biyu, da masu sauya jinsi) ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Rufin asiri. Nan kowa ya yarda. Ba ɗaukar hoto a taro, ba rubuta sunaye, kuma ba wanda zai tona wani. An fi jaddada wannan saboda ɗaliban Najeriya: dokar Najeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 kan shiga ƙungiyoyin masu sha'awar jinsi ɗaya, su kuwa gida suke komawa hutu. Ni ma nan hankalina ya fi tsayawa.

2. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya hana nuna wa 'yan LGBT bambanci, amma tsangwamar tana ɗakunan kwana. A horar da masu kula da ɗakunan da masu gadi.

3. Mai ba da shawara kyauta, wanda zai saurara ba tare da wa'azi ba.

4. Asusun gaggawa ga wanda iyayensa suka yanke masa kuɗin makaranta.

Inda aka rabu: liƙa alamar bakan gizo (tambarin 'yan LGBT) a ƙofa. Wasu sun ce tana kwantar wa sabon ɗalibi hankali, wasu sun ce tana fallasa duk wanda aka ga ya shiga.