Wahala da arziki: mutanenmu na Legas, me idonku ya gani?

Ɗan Zangon Agege

Assalamu alaikum jama'a. Musu ne ya ƙi ƙarewa tsakanina da wani ƙanena da ya zo daga gida kwanan nan. Shi a wurinsa duk wanda ya daɗe a Legas bai gina gida ba, to ko malalaci ne ko mashiririci. Na ce masa ya bari ya sha ruwan garin tukuna. Shi ya sa na kawo maganar gabanku. Ba wa'azi nake nema ba, ba kuma labarin "an ce wane ya yi kaza" ba. Kowa ya faɗi sana'arsa, irin ƙarfin da ya zuba, da abin da ya fita da shi. Aiki tuƙuru yana kawo kuɗi, ko dai ciki kawai yake cikawa?

Tsohon ɗan dako, Mile 12

Wa alaikumus salam. Malam, ka turo min ƙanen naka ya kwana ɗaya a kasuwa, musun zai mutu da kansa.

Da dako na fara. Tireloli suna shigowa cikin dare daga Kano, kayan Kadawa da Kura da Garun Malam, wasu daga Jos ko Zariya gwargwadon kaka. Za a ɗora maka kwandon tumatir a ka, ruwansa yana bin wuyanka har cikin riga, kana taka caɓi da takalmin roba, ka sauke ka koma. Kwando ake lissafa maka, ba awa ba, don haka babu mai cewa ka huta. Kafin rana ta fito wuyanka ya sandare. Na san dattawa da suka yi wannan aikin tun ina yaro, har yau suna kai, wasu ƙafa ta kumbura. Wallahi babu malalaci ko ɗaya a cikinsu. Da wahala ce ke kawo arziki, ai da jaki ya fi kowa.

Abin da ya fitar da ni daga dako ba ƙarfi ba ne. Wani Alhaji dillali ne ya lura ina iya rubutu da lissafi, kuma an taɓa barin kuɗin ciniki a hannuna na mayar cif. Ya ce in riƙa zama kusa da shi ina rubuta kwanduna nawa aka sauke, na wa ne, nawa aka sayar. Daga nan na san masu kaya, na san matan Yarbawa masu sari, na koyi yaren ciniki. Yau ni ma la'ada nake karɓa ina zaune a benci, kuma abin da nake samu kafin azahar ɗan dako ba ya samunsa a mako.

Amma kada a ce masu jari barci suke. Mai kaya yana iya loda tirela da kuɗinsa duka, mota ta lalace a hanyar Mokwa ko Jebba, kafin ta iso rabin tumatir ya zama ruwa. A 2016 tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Arewa, kaya suka yi tsadar da ba a saba gani ba, a shekarar kuma aka yi rikicin da ya sa aka rufe kasuwarmu na wani lokaci. Manyan mutane sun karye a lokacin. Bambancin dai shi ne, su in sun faɗi akwai mai ba su bashi su tashi.

Mai babur a da

Ni dai ban da abin cewa sai Alhamdu lillahi, amma raina yana ɓaci in na ji ana cewa talaka shi ya so. Babur na karɓa a hannun wani, ina kai masa balas kullum har in biya kuɗin ya zama nawa. Fita bayan asuba, dawowa bayan isha'i, ga 'yan tasha da tikitinsu a kowace kwana, ga ruwan saman Legas da ba ya sallama. Na gama biya kenan aka hana babur a manyan tituna a Fabrairun 2020. Muka riƙa lallaɓawa ta lunguna. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, bayan wata uku aka ƙara da su Mushin da Oshodi da Kosofe da Shomolu. Nawa an kama shi, kuma kowa ya san waɗanda aka kama murƙushe su ake yi.

Na sake karɓar wani na koma can gefen gari, sai ga cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki. Balas bai ragu ba, fasinja kuma ya koma tafiyar ƙasa. Na mayar wa mai shi abinsa. Yanzu duk aikin da na samu yi nake. To a gaya min, a ina na yi lalaci?

Hajiya mai tuwo, Idi-Araba

Sannu ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Amma ku bar ni in faɗi wadda ba za ta yi wa maza daɗi ba.

Da tukunya ɗaya na fara, a ƙofar gida. Ƙarfe uku na dare nake tashi in ɗora ruwa, har yau kuwa, ko da yake yanzu ina da yara masu tuƙi da masu wanke-wanke. Na yi gini a garinmu, na sauke farali, na aurar da 'ya'ya. Duk daga tuwo da miyar kuka da shinkafa da wake. To ni ba zan ce wahala ba ta biya ba.

Sai dai ina da littafin bashi, kuma shi ya koya min halin mutanenmu. Akwai yaron da zai ci na bashi sati guda, ranar da ya samu kuɗi sai ka gan shi da sabuwar waya da shadda mai maiƙo, kuɗina kuma sai na aika. Akwai wanda gaban gidan caca na ƙwallo nan ne ofishinsa. Akwai kuma wanda zai ce Hajiya a rage nama, ya miƙo min abin da ya rage ya ce in ajiye masa. Irin waɗannan na ƙarshe su ne nake gani bayan 'yan shekaru da teburin shayi ko kes na kayan masarufi. Ni adashi ne ya yi min komai. Duk kwasar da na yi, ba ta kwana a ɗaki, ko buhun shinkafa ko bulo.

Gaskiya ɗaya da zan ƙara: lokacin da na fara, maigidana, Allah ya ji ƙansa, shi ke biyan haya da cefane. Ribata ba a taɓa ta. Matar da ita ce haya ita ce makaranta ita ce asibiti, ko ta fi ni tashin dare, da wuya ta tara.

Ɗan canji, Broad Street

Hajiya ta yi gaskiya a kan riƙo. Ni kuma in aka ce a auna gumi, kunya za ta kama ni, domin aikinmu waya ce da kalkuleta. Jarinmu na gaske amana. Mutum zai turo maka kuɗin da ba ka taɓa mallaka ba, babu takarda babu shaida, don kawai ubangidanka ya ce "yarona ne". Ni ma haka aka kawo ni, kawuna ne ya riƙe hannuna, na yi shekaru ina tsaye a bakin titi ina tare kwastoma kafin a bar ni in taɓa kuɗi.

Ga abin da na gani da idona. A Yulin 2021 Babban Banki ya daina sayar wa 'yan canji dala, wasu da suka dogara da wannan layin suka watse. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Wanda ke riƙe da dala a lokacin, yana kwance a gida dukiyarsa ta ninka. Wanda ake bin sa dala, ya sayar da mota ya sayar da gida bai fita ba. Teburinsu ɗaya, sa'o'in aikinsu ɗaya. Wannan ban san sunan da za a ba shi ba in ba rabo ba.

Sabon zuwa

To Dangote fa? Ba a nan Legas ya yi kuɗinsa ba? Ga matatar mai can a Ibeju-Lekki kowa na gani. Da ya zauna yana cewa rabo rabo ai da bai kai nan ba.

Malamin makaranta, Obalende

Ɗan'uwa, babu mai cewa Alhaji Aliko ba ya aiki. Matatar da aka gina don tace ganga 650,000 a rana ba a yin ta da barci. Amma ka duba inda ya taso. Mahaifiyarsa jikar Alhassan Dantata ce, mutumin da lokacin rasuwarsa a 1955 ake lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Ya fara kasuwanci a 1977 da rancen jari daga cikin dangi, a gidan da yaro ke tashi yana jin maganar kaya da banki a kan tabarmar cin abinci. Haka Abdussamad na BUA, ɗan Khalifa Isyaku Rabi'u ne.

In misali kake nema na wanda ya taso daga ƙasa, shi Alhassan ɗin ya fi dacewa. Maraya ne daga Bebeji, ya yi fataucin goro a Gwanja, yana cikin waɗanda suka fara ɗoro goro a jirgin ruwa zuwa nan Ikko. Sai kuma jirgin ƙasa ya isa Kano, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, suka tarar da shi da jari da yara da sanin hanya. Da an haife shi shekara hamsin kafin nan, da ƙoƙarin nasa yana nan, amma babu dalar gyaɗa.

Maigadi a Lekki

Ni daga Zamfara nake. Aikina ba dare ba rana, buɗe get, wanke motoci, share tsakar gida, har aiken kasuwa. An ce mafi ƙarancin albashi a jihar nan ya koma naira 85,000 tun 2024, mu dai a rediyo muka ji. Duk da haka na tara, don ba na biyan haya, abinci kuma sau da yawa daga cikin gida ake miƙo min. Na sayi shanun huɗa biyu da 'yan tumaki, na karɓi gona jingina. 'Yan bindiga suka shiga ƙauyenmu suka kore dabbobi, suka tafi da yayana. Abin da ya saura aka haɗa aka kai aka karɓo shi. Yanzu mutum goma sha ne ke jiran albashina a garin da suka yi gudun hijira. Hajiya, ba waya na saya ba.

Hajiya mai tuwo, Idi-Araba

Innalillahi. Ba da irinku nake ba, ɗana. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

'Yar Agege

Iyayena da yayyena, ku bar 'yan boko ma su yi kuka. Nan aka haife ni, na yi digiri, na yi hidimar ƙasa, ina aiki a wani banki amma a matsayin 'yar kwantiragi. Ina fita gida kafin ƙarfe biyar don in riga cunkoson gadar Third Mainland, in dawo yara sun yi barci. Kuɗin mota ya cinye kashi mai tsoka, haya kuma ta shekara ake nema a dunƙule, ga kuɗin ejan ga na yarjejeniya. Ƙanena da aka yi ta yi wa faɗa don ya ƙi jami'a, ya je ya koyi gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, yau shi nake ranta a wajensa kafin ƙarshen wata. Albashi ba ya ƙaruwa don ka ƙara ƙoƙari. Shi kuwa in ya gyara waya goma, kuɗin goma ne.

Mai gwangwan, Ojo

Na karanta duka. Ni ina tare da masu cewa aiki na biya, amma da sharaɗi. Da buhu a kafaɗa na fara jari-bola, ina bin bola da kwata, yara na yi min ihu, masu gida na kallona kamar ɓarawo. 'Yan garinmu da muka zo tare sun ce ba za su iya wannan ƙazanta ba. Daga buhu na koma baro. Abin da na lura da shi da wuri shi ne, mu muke yawo cikin rana, amma mai sikeli shi ke yanka farashi, ya saya a hannunmu a haɗe, ya ware jan ƙarfe daban, alminiyam daban, baƙin ƙarfe daban, ya tara ya loda wa kamfanonin narka ƙarfe na wajen Ikorodu da Ogun. Ribar tana wurin warewar. Sai na daina aika duk abin da na samu gida, aka yi ta fushi da ni, har mahaifiyata ta ce Legas ta cinye ni. Na daure har na sayi sikeli na kama fili. Yanzu abin da nake aika mata a wata ya fi na shekara a da, ita ke sa min albarka.

Ba zan ɓoye ba, a cikin waɗanda muka yi yawon bola tare, ƙalilan ne suka kai ga sikeli. Wani ciwo ya kwantar da shi, wani an kama shi da kayan sata da bai san na sata ba ne.

Liman a Alaba Rago

An ce ba a son wa'azi, to kalma biyu kawai. Tsuntsun da aka ba mu misali da shi a hadisin tawakkali, fita yake da safe da yunwa ya dawo da yamma a ƙoshe. An yi masa alkawarin ƙoshi, kuma sai da ya fita. Masu sikeli da masu benci kuma ku duba hakkin yaranku da zakkarku, don wani jarinsa yana cikin aljihunku.

Mai babur a da

Alhaji mai gwangwan, don Allah in akwai wuri a wajenka ina so. Ba na ƙyamar komai.

Mai gwangwan, Ojo

Ka yi min magana ta gefe. Baro zan ba ka da ɗan kuɗin sayen kaya na yini, da yamma mu auna mu yi lissafi. Sharaɗi biyu: ba ka sayen wayar lantarki ko murfin kwalbati ko a kyauta aka ba ka, kuma ka kawo wanda ya san ka ya tsaya maka. Ka nemo safar hannu da takalmi mai kauri kafin ka zo, ƙarfe na yanka.