Na karɓo tsohon kare mai ciwon ƙoda, ina neman shawara

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina gadi a wani gida a Ikoyi, ni da wani kare irin manyan nan na 'yan sanda, Bingo. Da maigida ya kwashe iyalinsa suka koma Kanada, sai ya kai shi gidan ajiye karnukan da ba su da mai su, can wajen Ajah. Kwanan baya na je dubo shi, wallahi da ƙyar na gane shi. Haƙarƙari a waje, baki duk furfura, in ya miƙe ƙafafun baya sai rawa. Da na yi masa fiton da nake yi in za mu zagaya gida da dare, sai ya jawo jiki ya ɗora haɓarsa a kan takalmina. Shekararsa 12. Likitar wurin ta ce ƙodarsa ta gaza, ba warkewa sai lallaɓawa, masu zuwa ɗauka kuwa kwikwiyo suke nema. Na sa hannu na taho da shi, na kafa masa rumfa a bayan gida.

Ruwa yake ta sha yana fitsari, abinci kuwa sai ya sunsuna ya kau da kai. Me zan ba shi? Maƙwabta kuma sun fara cewa na kawo najasa. Sannan likita ta ce in wahala ta yi yawa akwai allurar da za ta hutar da shi, maganar nan ta hana ni barci.

Maman Khalifa:
Allah ya saka maka, Malam. Na yi aiki da likitocin dabbobi. Kada ka rage masa ruwa don yawan fitsari, ƙodar ce ba ta iya riƙewa. Ragowar abincin gida a daina, saboda gishiri da magi, ga albasa da tafarnuwa da ke lalata jinin kare. Dafa masa shinkafa fara da ɗan ƙwai ko tsokar kaza, kaɗan-kaɗan, da ɗumi don ƙamshi ya ja shi. Ƙashi da hanta suna ƙara wa ƙoda aiki. Ƙin cin nan yawanci tashin zuciya ne, akwai magani, ka kuma tambayi likita batun ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata. Don Allah kada ka ba shi ibuprofen ko diclofenac, sukan ƙarasa ƙodar. Ka shimfiɗa masa tsohuwar katifa, siminti zai ci masa gwiwa, ka riƙa duba kunnuwansa saboda kaska.

Alhaji Mile 12:
Ɗan uwa, tausayi na da kyau, amma gidan haya kake, maƙwabta na da haƙƙi. Akwai yara a tsakar gida? Ka tabbata an yi masa rigakafin haukan kare, ka nuna wa mai gida katin.

Malam Obalende:
A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne. Ƙwaryar da ya sa baki a ciki ce ake wankewa sau bakwai, sai ka ware masa kwanonsa. Hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi kuwa sananne ne. Wannan ma karen gadi ne da ya tsufa a bakin aiki. Batun allura, malamanmu sun halatta hutar da dabbar da aka fid da rai da ita. Ka zauna da limaminku da likitar tun kafin ranar ta zo.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai. Alhaji, katin na hannuna, gobe zan kai wa mai gida, kuma ɗaure yake in yara na waje. Maman Khalifa, ya ci rabin ƙwan da shinkafa, bai amayar ba. Ƙarin ruwan nan, dole sai na kai shi asibiti ko ana iya koya mini in yi masa a gida? Masu keke ba sa yarda su ɗauke shi.