Onana: a ƙara masa lokaci ko a kai shi benci? (Muhawarar magoya bayan Manchester United kan golansu Andre Onana, Disamba 2023)

Ɗan United: Jama'a ni dai na gama magana, a ajiye Onana a benci. An yi waje da mu daga Zakarun Turai, mu ne na ƙarshe a rukuni da maki 4 kacal, an zura mana ƙwallo 15 a wasa 6. Golan da aka sayo daga Inter fam miliyan 40 da wani abu fa. Haƙuri na nawa kuma?

Tsohon Gola: Ƙanena bi a hankali. Ba wai zan ce bai yi kuskure ba, ya yi, ƙwallon Sane na Bayern Munich a Jamus ko shi da bakinsa ya ce laifinsa ne. Amma ka tuna yadda tsohon golanmu De Gea ya fara a 2011? Dzeko ya ɗaɗa masa ɗaya daga nesa a Community Shield, Shane Long na West Brom ya ci shi wadda ta bi ta ƙarƙashinsa, ranar ƙarshe ta shekarar Blackburn suka zo Old Trafford suka ci mu 3 da 2 saboda ya kasa fitowa ya kama kwana, har koci Ferguson ya ajiye shi ya saka Lindegaard. Wannan yaron ne ya zo ya yi shekara 12, wasa 545, sau 4 yana zama gwarzon ɗan wasan kulob.

Ɗan United: Yaya ai kai ka ba ni hujja da bakinka. Ferguson ajiye shi ya yi! Kuma De Gea shekararsa 20 lokacin, Onana 27, ya buga wasan ƙarshe na Zakarun Turai makonni kaɗan kafin ya zo, ba koyo aka kawo shi yi ba.

Anti Mai Ƙwallo: Ni firikik ɗin Ziyech na Galatasaray guda biyu a Turkiyya su ne suka tsaya min a rai wlh. Muna gaba 2 da nema, muka sake zama 3 da 1, a tashi 3-3. Ta biyun nan a hannunsa ta faɗo ya tura ta raga da kansa. Da mun ci wasan nan da lissafin rukunin ya canja.

Tsohon Gola: Anti ba zan kare ta biyun ba, babu yadda za a kare ta. Amma bari in faɗa muku abin da wanda bai taɓa tsayawa a raga ba ba zai gane ba. Gola da 'yan bayansa kamar ɗan jirgi ne da kwale-kwalensa, sai ka san kowa, ka san wane zai fita kan ƙwallon sama wane zai bar maka, wane in an matse shi zai dawo maka da ita ta ƙafar da kake so, to shi Onana wa ya sani? Martinez da aka yi niyyar su riƙa fara wasa tare daga baya ya ji ciwo a ƙafa tun Satumba, Shaw ya daɗe a jinya, yau Varane gobe Maguire jibi Evans mai shekara 35, wani lokacin Lindelof a gefen hagu. Kocinmu Ten Hag ya sayo shi ne don fasin ɗinsa tunda ya san shi tun Ajax, sai ga shi ya ɗaga kai babu wanda ya buɗe masa.

Ɗan United: Fasin ɗin da ya miƙa wa Galatasaray a Old Trafford har Casemiro ya sha jan kati? Wannan fasin?

Kawu: Yara ku tsaya. Ni na ga zamanin golanmu Taibi a 1999, ƙwallon Le Tissier ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, wasa 4 kawai ya buga, na ƙarshe Chelsea ta yi mana 5 da nema, aka sallame shi kuma babu wanda ya yi da-na-sani. Guardiola ma ya kawo Bravo a 2016 saboda ƙafa, da ya ga hannun babu, shekara ɗaya ya sayo Ederson. Don haka ba kullum haƙuri ke haifar da ɗa mai ido ba. Sai dai Onana ba Taibi ba ne. Ku da kuke cewa a cire shi kun manta fenaretin Copenhagen da ya tare a minti na ƙarshe? Wasa ɗaya tak muka ci a rukunin nan, kuma shi ya riƙe mana shi.

Anti Mai Ƙwallo: Gaskiya Kawu na tuna, na yi ihu ranar. A Firimiya ma ba laifi, Burnley, Fulham, Luton, Everton duk ba su ci shi ba. Abin da ke damuna shi ne in ya yi kuskure ɗaya sai ka ga jikin 'yan baya ya mutu gaba ɗaya, kowa na waiwaye.

Ɗan United: To a gwada golanmu na biyu Bayindir mana, me aka sayo shi ya yi? Ko minti ɗaya bai buga ba tun da ya zo daga Fenerbahce.

Tsohon Gola: Shi ne matsalar ai, ba mu san shi ba. Ka ɗauki wanda bai buga ko wasa ɗaya ba ka jefa shi Anfield gidan Liverpool ranar Lahadi? In aka zazzaga masa huɗu ka kashe gola biyu a mako guda. Ni ra'ayina a bar Onana ya ƙare kaka, Martinez ya dawo, a ga 'yan baya huɗu tsayayyu a gabansa ko wasa 10 a jere, in har lokacin ƙwallo na zille masa ni zan fara cewa a sayar.

Ɗan United: Ban yarda a kai ƙarshen kaka ba Yaya. Janairu Kamaru za ta kira shi gasar Afirka a Kodebuwa, dole Bayindir ya tsaya. In yaron ya kama da kyau kada wanda ya ce min a mayar da shi benci don kawai an kashe kuɗi a kan wancan.

Kawu: In ma Onana ya tafi da wuri kenan. Ka san bai daɗe da dawo wa Kamaru wasa ba tun saɓaninsa da koci Song a gasar cin kofin duniya a Qatar.