Muhawara: Shin Labarin Komawa Zamanin Baya Ɓata Lokaci Ne?

Malam Habibu, Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Daren jiya na gama wani ƙagaggen labari wanda jarumarsa ta koma zamanin kakanninta, kuma har aka kira assalatu ban runtsa ba. Da na ba Yaya Salisu labari, sai ya ce irin waɗannan littattafai ɓata lokaci ne, domin ba a ƙaruwa da abin da ba zai yiwu ba. Shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Alhaji Salisu, Asawase: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana, ƙanena. Abin da ya wuce an riga an rubuta shi, alƙalami ya bushe, kuma marubucin da ke mayar da mutum baya don ya gyara ƙaddararsa "da na sani" yake koya wa yaranmu, alhali da na sani ƙeya ce. Tun 1895 da Baturen Ingila H. G. Wells ya fito da labarin na'urar ratsa zamani ake wannan mafarki, amma har yau babu wanda ya koma ko da jiya.

Malama Rabi, Tafo: Alhaji, game da komawa baya ban ja da kai ba, sai dai lokaci ba ya tafiya bai ɗaya ga kowa. Einstein ya bayyana haka a 1905 da 1915, kuma a 1971 an zagaya duniya da agoguna masu tsananin daidaito a jirgin sama, suka dawo sun saɓa da na ƙasa. Agogon taurarin ɗan Adam na GPS yana wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma da ba a gyarawa, da taswirar wayar direban da ke neman kasuwar Kejetia ta ɓatar da shi. Mu da muke karanta yadda As'habul Kahfi suka yi shekara 309 a kogo, suka farka suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, bai kamata tunanin tsallake zamani ya zame mana baƙo ba.

Alhaji Salisu: Malama, wancan ikon Allah ne, ba a haɗa shi da ƙage, kuma gaba suka yi, ba baya ba.

Malam Habibu: Na yarda, Yaya, amma ni ba na'urar ce ta hana ni barci ba. Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi Gonja daga Kano, sannan yaƙin Salaga, babbar kasuwar Gonja, na 1892, wanda Alhaji Umaru na Karaci (Kete-Krachi ta Ghana) ya yi wa waƙa, ya tarwatsa 'yan kasuwa har muka tsinci kanmu a Kumasi. Littafin tarihi shekarar kawai ya ba ni. Wannan labarin kuwa ya sa na ga kaina tsaye a kasuwar Salaga, ga huhun goro ana yayyafa masa ruwa, ga jakuna an sauke musu kaya, ga kuma bayi a ɗaure a inuwar bishiya ana ciniki a kansu, har na tambayi kaina ko zan iya buɗe baki, ko kuwa zan yi shiru kamar sauran. Jarumar ba ta sauya komai ba. Ta gani ne ta dawo da nauyi a zuciya. Ranar Juma'a bayan masallaci zan je wurin Gwaggo a Zango da littafin rubutu, ta faɗa mini sunayen zangunan da kakanmu ya yada a hanya. Idan kana da hali, mu je tare.