Wane suna za mu raɗa wa biyofilastik?

'Yan uwa masu sana'ar hannu a Maradi, ku taya ni. Akwai wani abu da masu zanen kayan ado ke saƙa sarƙar wuya da 'yan kunne da shi, Turawa na ce masa biyofilastik. Roba ce da ba daga man fetur aka samo ta ba. Ana dafa sitatin rogo ko na masara da ruwa, da giliserin da ɗan binigar, har ya yi kauri ya washe, a malala a faranti. In ya bushe sai ya ɗago kamar fata, a yanka siri-siri a saƙa tare da zaren auduga. Ruwan zoɓo na ba shi ja. Iskar hunturu na nannaɗe bakinsa in ta busar da shi da gaggawa, gumi kuma na sa shi laushi a wuya.

Wani malami ya ce "robar halitta". Allah gafarta Malam, ai fetur ɗin ma halitta ne.

Wata Hajiya mai saƙa faifai a Bagalam ta ce "roba mai ruɓewa", tunda ledar da ke kashe mana awaki ce damuwarta, wadda doka ta hana a Nijar tun 2014 amma har yau tana maƙale a kowace ƙaya. Hajiya, sunan na da daɗi, sai dai alkawari ne da ba duka za su cika ba. A Birazil ana yin wata daga rake wadda ba ta ruɓewa ko kaɗan, ta masara da masana'antu ke yi kuwa sai a tulin taki mai zafi sosai take narkewa.

"Robar tsiro" ta fi kwanta mini, amma wani ƙanena ya tuna mini da madara. Tun 1897 aka fara yin wata mai tauri da madara a Jamus, aka yi ta maɓallai da duwatsun wuya da ita. Gaskiyarsa.

To ga inda na tsaya: mu bi yadda muke kiran mai. Man gyaɗa, man shanu. Haka robar rogo, robar masara, robar madara. In ana son suna ɗaya da zai rufe su duka, "robar gona" ta ɗauki shuka da dabba. Wadda ake yi da ciyawar teku ce kawai ta rage a waje, wannan kuma na bar wa mutanen Katsina da Damagaram su kawo tasu shawarar.