Twilight da dusk: almuru kaɗai ba zai ɗauke su ba

1/ Masu fassara, a daina jibga wa almuru kaya. Twilight almuru, dusk almuru, afterglow ma almuru. Alhali Bature bai ɗauke su abu guda ba.

2/ Twilight shi ne hasken da ke sama lokacin da ƙwayar rana take ɓoye, ko bayan ta faɗi ko kafin ta ɓullo. Dusk kuwa ƙarshen na yamman ne, inda duhu ya fara rinjaye. Wannan kam almuru ne ba gardama: kaji sun shige akurki, kana hango mutum a bakin zaure amma sai ya yi sallama ka gane ko wane ne. Akwai kuma gloaming, ita ta mawaƙa ce, an fi jin ta a bakin mutanen Sukotland, almurun ya ishe ta.

3/ Rigimar tana kan twilight. Masana taurari sun kasa shi uku gwargwadon nutsewar rana. Zuwa digiri 6 ana iya karatu a tsakar gida ba fitila. Zuwa 12 matuƙin jirgin ruwa yana ganin taurari, yana kuma ganin inda teku ta haɗu da sama. A 18 dare ya tsala. A Kano kashin farko minti ashirin da 'yan kai ne, shi ya sa ba mu tsaya yanka shi gunduwa-gunduwa ba. A Landan kuwa, cikin watan Yuni, rana ba ta kaiwa digiri 18 ɗin har gari ya waye.

4/ Ni shafaƙi na zaɓa wa twilight, wato hasken da ke saura a yamma bayan faɗuwar rana. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san shi: a mazhabar Malikiyya sai jan shafaƙi ya ɓace lokacin lisha ke shiga. Larabawa ma da kalmar suke kiran kashi ukun nan. Sai mu ce shafaƙin gari, shafaƙin teku, shafaƙin taurari. Afterglow kuma, jan da sama ke yi bayan rana ta faɗi, jan shafaƙi, tunda dama launin ake nufi.

5/ Na san za a ce shafaƙi na yamma ne, ina na safe? A hira muna da jijjifi da duku-duku, a bar su yadda suke. A littafin kimiyya ne kawai nake ganin a rubuta shafaƙin asuba. Mutanen Damagaram da Sakkwato, in kuna da tsohuwar kalma guda da ke cin safe da yamma, ku kawo ta.