Dokar hana baƙi muke ƙi, ko wanda ya sa mata hannu?

Mazaunin Agege:
Assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a teburin mai shayin layinmu, har yanzu abin yana cina a rai. Da Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka a Janairun 2017, 'yan Dimokurat sun cika filayen jiragen sama da zanga-zanga, mu ma muka yi tir da shi. Amma gwamnatin Obama ta tasa ƙeyar baƙi fiye da 400,000 a 2012 kaɗai, kuma ana saura kwana takwas ya sauka ya soke damar zama da 'yan Kyuba ke samu da zarar sun taka ƙasar, ban ji irin wannan kururuwar ba. Su kuma 'yan Rifablikan da suka yi ta sukar Obama a kan yanke hukuncin baƙi ba tare da majalisa ba, su ne suka tafa wa Trump da ya yi haka. Jama'a, mene ne ma'aunin?

Malamin makaranta, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada mu yi musu kuɗin goro. Tun a Disambar 2015 Trump ya fito fili ya nemi a rufe wa Musulmi ƙofa baki ɗaya, saboda haka wanda ya kalli dokar 2017 da wannan idon bai yi son kai ba. Inda na yarda da kai shi ne zamanin Biden: ya ci gaba da amfani da dokar korona da Trump ya kafa yana mayar da masu neman mafaka daga kan iyaka har Mayun 2023, aka kwashe dubban 'yan Haiti daga Teksas a 2021, amma da yawa daga cikin masu zanga-zangar jiya suka sassauta murya.

Dattijo, kasuwar Mile 12:
'Ya'yana, ku dawo gida. Ina saurayi a 1983 lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, kuma da idona na ga 'yan Gana jibge a tashar jiragen ruwa ta Apapa, mata da goyo zaune a kan jakunkunan nan masu ratsi suna jiran jirgi. Mutanenmu da yawa sun ce ai ramuwar gayya ce, tunda Gana ta kori 'yan Nijeriya a 1969. Da Buhari ya rufe iyakoki a Agustan 2019, har da Seme, masoyansa sun ce kishin ƙasa ne, alhali fataken da suka karye 'yan'uwanmu ne. A Agustan 2019 ɗin nan dai aka tare matasa 123 daga Jigawa a nan Legas da baburansu, sai ga masu zagin Trump suna cewa tsaro ne, mu kuma da muka yaba rufe iyaka muna kukan wariya.

Uwar gida, Obalende:
Baba, ka taɓo inda yake mini ciwo. Yayanmu ya daɗe yana kare Trump, yana cewa kowane shugaba da ikon tsare gidansa. A farkon 2020 aka sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da dokar Trump ta shafa, aka dakatar da bizar zama, takardun ƙanwarmu da mijinta ya cike mata suka tsaya cak. Shekara guda ta yi a ɗakina da jaririn da ubansa bai taɓa ɗauka ba, sai dai ya gan shi a waya. Tun daga ranar Yaya bai sake ɗaga maganar ba, kuma da Biden ya soke dokar ranar 20 ga Janairun 2021, shi ya fara bugo mata waya.